Audugar Kunnen Sukkara

Duk wanda ya zauna a Idfu ya san Turawa ba zama ke kawo su garinmu ba. Jirgi zai tsaya da su a bakin Nilu da sanyin safiya, jagora ya ɗaga 'yar tutarsa ya ce su hanzarta, su je su ga Birba, tsohon ginin nan na Fir'aunoni, su dawo kafin a janye tsani. Sai ka ga mutum ya ƙetaro tekuna don ya ga ginin da ya yi shekaru dubbai bai gusa ba, amma ya hau hantur yana duba agogo kamar ginin zai tsere masa. A kan wannan gaggawar tasu muke cin abinci. Kekunan dokin nan da muke kira hantur su ke kai su su dawo da su, kuma cikin masu jan su babu wanda aka sani kamar Bastawi.

Dogo ne siriri, baƙi, mai ƙaton rawani da gashin baki da ya yi fari tun bai isa ba. Ana kiransa Abu Fikri, da sunan ɗansa da ya tafi aiki bakin teku ya bar su shi da matarsa Bahiyya. Bai yi boko ba, amma in ka tambaye shi zai ce maka yana jin Turanci, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai Turancin nasa kaf na kora ne, don shi kaɗai ake yi masa. Tun yana matashi a kan kujerar hantur abin da ke sauka a ƙeyarsa ke nan: hori-of, kwik, fasta, kamon, go-go. Ya tara su kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kwabbai, har yana zama a gidan shayi yana yi wa mutane sharhinsu.

"Ba ɗaya suke ba fa," zai ce yana ɗaga yatsa. "Mai cewa hori-of tsoron jagora yake ji. Mai cewa fasta saurayi ne da ke son burge yarinyar da ke gefensa. Shi kuwa mai kwik-kwik, wallahi fitsari ne ya matse shi."

Dahi, abokinsa na tasha, wanda in bai tsokane shi ba ba ya jin ya karya kumallo, sai ya ce, "To malamin Turanci, yaya ake cewa a hankali?"

"Ranar da na ji Bature ya faɗa zan gaya maka."

"Kai dai Turancinka mota ce ba birki, Abu Fikri."

A yi dariya, shi ma ya yi, a ƙara shayi.

Goɗiyarsa a kasuwar Daraw ya samo ta, tana 'yar ƙarama, ramammiya, duk cinyoyinta shatar bulala. Mutane suka ce ya sayo ƙashi. Ya kawo ta gida, ya yi wata da watanni yana jinyarta da dusa da barsim, ciyawar da muke nomawa don dabbobi, har ta murje ta zama ja mai sheƙi da farin goshi. Ya sa mata suna Sukkara, saboda ranar farko da ta yarda ta matso kusa da shi ƙwayar sukari ce ta jawo ta. A ranar ya rantse bulala ba za ta sake taɓa ta ba, ya ɗauki tasa, wadda ya gada daga ubansa, ya rataye a bango. To amma a Idfu wanda ba ya duka ba ya gudu, wanda ba ya gudu kuwa jagora ba ya ba shi fasinja. Kowa so yake ya kai, ya dawo, ya sake ɗauka kafin jirage su tashi. Bastawi ya fara komawa gida aljihu ba nauyi.

Ita da kanta ta nuna masa mafita. Wata rana wani Bature ya ce kwik, kafin Bastawi ya motsa harshe sai ya ga kunnuwanta sun miƙe ta ƙara ƙafa. Ashe duk wannan lokacin tana saurare, ta gane cewa bayan wannan ƙarar ne ake son ta yi sauri. Daga nan ya shiga koya mata da gangan, da yamma, a hanyar gonakin rake. In ya ce hori sai sassarfa. In ya ce kwik ta buɗe ƙafa. In ya ce fasta kuwa, sukuwa ce har ƙarshe. Ƙarshen kuma wuri ɗaya ne kullum, gindin ɓauren da ke tashar jirage, inda za ta ja zamiya ta waigo da wuyanta ta gefen hagu, shi kuma ya diro ya sa mata ƙwayar sukari a baki. Gwangwanin sukarin Bahiyya ya shiga uku.

"Ni da na haifa maka ɗa ban ga ranar da ka sa min sukari a baki ba," in ji ta.

"Ke ai ba kya jin Turanci, Ummu Fikri."

"Allah Ya shirye ka kai da 'yar bokon taka."

Faɗa kawai take yi. Ita ce ke tashi ta jiƙa wa goɗiyar dusa in ya makara, ita ce kuma ta ɗinka mata 'yan tuntaye masu shuɗin dutse don maganin baki.

Nan da nan labari ya bazu cewa akwai goɗiyar da ke jin Turanci daga bakin kowa. Jagorori suka riƙa ajiye masa manyan baƙinsu. In an taso daga Birba, Bastawi sai ya saki linzami, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya waigo ya yi wa Bature nuni da cewa bismilla, tuƙa da bakinka. Bature ya ce hori, ta ɗauka. Ya ce fasta, ta tashi sama, matarsa na ihu tana riƙe hula, 'yan kasuwa na darewa, Bastawi na zaune kamar wani basarake hannu a naɗe. Ya ji daɗin shekarun nan, ba a magana. Ya rufa wa gidansa asiri, ya aurar da ɗansa, bai taɓa ɗaga hannu a kan dabbarsa ba, kuma yana alfahari da haka. Abin da bai lura ba shi ne, kullum da ya saki linzamin nan yana koya mata cewa in aka fara gudu da Turanci, linzami ba shi da ta cewa sai an kai ɓaure.

Shekaru suka tura. Farin goshinta ya bazu har kumatu. Ta fara haki bayan gudu, haƙarƙarinta na shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri, shi kuma yana cewa zafi ne. Rannan da tsakar bazara ta iso ɓaure ta ci sukarinta, sai ƙafafunta suka hau rawa, ta durƙusa. Ya kai ta rumfar likitar dabbobi da ke bayan kasuwa, wata matashiya mai gilashi da ke duba dawakinmu kyauta. Ta daɗe tana sauraren ƙirjin goɗiyar kafin ta ɗago ta kira shi Ammi, wato baffa.

"Ammi Bastawi, zuciyarta ta gaji. Tafiya a hankali za ta iya, har ta yi shekaru. Amma in ta sake sukuwa ko sau ɗaya, ban ce za ka dawo da ita gida ba."

"To, Daktura, ba zan sake ce mata ta yi gudu ba."

"Ai ba kai ke ce mata ba. Duk garin nan an san wa ke ce mata."

Da ya koma gida ya zauna a ƙofar ɗakin goɗiyar ya gaya wa Bahiyya abin da likitar ta ce, sai ta farke tsohuwar matashi ta ciro auduga, ta mulmula dunƙule biyu ta miƙa masa. "Abin da kunne bai ji ba ƙafa ba ta bi," ta ce. Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya ɗaura mata keke, sai ya toshe mata kunnuwa. Ba ta so. Takan girgiza kai ta dube shi, shi kuma ya kau da fuska, don ya san da Turancin da muryarsa duk ya toshe.

Turawa suka yi ta ihu a bayansa a banza. Kwik, kwik, ita kuwa tana tafiyarta kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Jagororin da da suke kiransa Usta, wato gwani, suna dafa kafaɗarsa suka koma ɗauke kai in sun hango shi. Bai yi fushi da su ba, kowa cikinsa yake nema. Ya haye gada ya je ƙauye wurin Hajjaj, yayan Bahiyya, mai gonar barsim a bakin ruwa, ya roƙe shi ya bar Sukkara ta ƙarasa kwanakinta a can, ba keke ba Bature. Hajjaj ya ce in an yanke rake wuri ya samu, a kawo ta. Daga nan Bastawi ba shi da wani buri a duniya sai ɗaya, ya ga goɗiyar nan ta taka gonar da ƙafafunta. Yana lallaɓa ta kamar ƙwai, yana ƙirga yankan rake a gonakin mutane.

Ranar ta zo. Mu masu hantur muna da al'ada, dokin da zai bar aiki ba a fitar da shi daga gari a ɓoye. Ana ɗaura masa kekensa ba kowa a ciki, a bi da shi hanyar da ya yi wa bauta, daga tasha zuwa Birba a dawo, abokan aiki su shafa goshinsa su yi masa sallama. Bahiyya ta ƙunsa mata lalle a goshi da ƙafafu tun jiya. Da Bastawi ya gama ɗaure-ɗaure, ta miƙo masa audugar kamar kullum, sai ya ture hannunta.

"Jefa su a murhu. Yau ba Bature, yau ni da ita ne. Wata nawa ba ta ji muryata ba?"

"Ka dai sa a aljihu, Abu Fikri."

"Aljihuna na sukari ne."

Ya bari sai da rana ta take, lokacin da Turawa duk sun koma jiragensu cin abinci, sannan ya fita. A hanya ya yi ta yi mata hira. Ya gaya mata barsim ɗin Hajjaj ya kai gwiwa, akwai inuwar dabino, akwai wata jaka mai rashin kunya da za ta yi haƙuri da ita. Kunnuwanta na juyowa baya suna kama kowace kalma. Ya ce rabonsa da farin ciki irin na tafiyar nan tun ranar sunan Fikri.

A ƙofar Birba filin ya yi fayau, ba hantur ko ɗaya. Sai wata tsohuwar Baturiya zaune a kan dutse da sandarta, fuskarta ta yi jawur, tana kuka kamar yarinya. Girgis mai sayar da mayafai a ƙofar yana yi mata fifita da kwali. Ya ce ta tsaya hutawa ne a cikin ginin, wanda ya kawo ta ya gaji da jira ya kwashi wasu ya tafi, 'yan jirginsu kuma ba wanda ya ƙirga.

"Allah ne Ya kawo ka, Abu Fikri. Kai ta tasha."

"Yau ba na aiki. Ka ga lalle ai."

"Na gani. To wa zai kai ta? Ba ku ne kuka hana tuktuk zuwa nan ba? Har da sanduna kuka fito."

Gaskiya ya faɗa. Mu da kanmu muka yi faɗa muka kori masu tuktuk, baburan nan masu ƙafa uku, daga hanyar Birba don kada su ci mana kasuwa, kuma Bastawi na gaba-gaba a ranar.

"Dube ta fa," in ji Girgis. "Ta girme ka. In rana ta kashe ta a ƙofar garinmu, da wane ido za mu dubi mutane?"

Mutumin kudancin ƙasarmu ba ya wuce tsohuwa tana kuka a rana, ko da 'yar wace ƙasa ce. Bastawi ya sa hannu a aljihu, ya taɓa sukari. Ya yi tunanin ya yagi bakin rawaninsa ya toshe mata kunne, sai ya dubi yadda take juyo su wajensa, ya kasa. Ya ce a ransa hanyar ba nisa, tsohuwa ce, ba ta da ƙarfin ihu. Ya taimaka mata ta hau, ya nuna goɗiyar, ya dafa ƙirjinsa wajen zuciya, sannan ya ɗora yatsa a leɓe. Bai da kalmar da zai ƙara, duk Turancin da ya tara babu na wannan ranar. Ta gyaɗa kai, ita ma ta ɗora yatsa a leɓenta.

Suka taho a hankali. Sun wuce masu kayan ƙamshi, sun wuce masallaci, tsohuwar ta yi shiru abinta, har Bastawi ya fara sakin numfashi. Suna shiga doguwar hanyar da ta miƙe zuwa kogi sai jirgi ya busa ƙaho, dogo, mai girgiza hanji. Matar ta zabura ta kama bayan kujerarsa.

"Hori! Hori-of! Kwik, kwik!"

Ya ga kunnuwan sun miƙe tsaye. Ya ja linzami tun kafin ta ɗaga ƙafa, ya waigo yana girgiza wa matar kai, amma tsoro ya riga ya rufe mata ido, jirginta kawai take gani yana tafiya ya bar ta. "Fasta!" ta ce, tana kuka. "Fasta!"

Sukkara ta tashi. Wata da watanni ba ta ji an kira ta ba, yau an kira ta, ta ba da duk abin da ke jikinta. Bastawi ya miƙe tsaye ya naɗe linzamin a hannuwa ya kwanta baya har fatar tafinsa ta tsage. "Tsaya, 'yata! Don Allah tsaya! Ni ne!" Ina, bakinta ya riga ya san darasin da shi ya koya masa. Abin da ya fi ci masa rai har yau shi ne mutane. 'Yan kasuwa suka fito suna tafi. Masu hantur da ke jiran yi mata sallama a tasha suka hango ƙura, suka hau kan kekunansu suna fito, Dahi na kaɗa rawani yana ihu, "Sukkara ta dawo! Wallahi ta dawo!" Ba wanda ya ji abin da Bastawi ke faɗa.

Ta kai. A daidai gindin ɓauren ta ja zamiya, ba ta wuce da taku ɗaya ba. Ta waigo da wuyanta ta hagu, kumfa na zuba, tana jiran hakkinta. Ya diro yana lalube, aljihun jallabiya ya maƙale. Kafin ya ciro, ƙafafunta na gaba suka lanƙwashe, ta tafi ƙasa a hankali tsakanin sandunan keken. Ya durƙusa ya ɗaga kanta ya ɗora a cinyarsa, ya kai sukarin leɓenta. "Ga shi, ci. Kin yi daidai, ba laifinki. Ci mana." Leɓen ya motsa sau ɗaya, bai kama ba.

Tafin ya mutu. Dahi ya sauko, ya tsaya riƙe da rawaninsa, bakin nan nasa da ba ya rufuwa ya rufu. Tsohuwar ta sauka da ƙyar, har ta nufi jirage, sai ta waigo ta gani. Ta dawo ta tsaya a kansa, hannu a baki, ta yi ta magana mai tsawo hawaye na zuba. Mai yiwuwa haƙuri take ba shi. Ya saurara, cikin duk abin da ta faɗa babu kalma ɗaya da ya sani. Ƙahon kuwa ashe na wani jirgi ne dabam. Nata yana nan a ɗaure, bai tashi ba sai bayan la'asar, Bastawi na zaune a ƙasa yana kallonsa.

Bai yarda a ja ta zuwa bayan gari inda ake yar da mushe ba. Masu hantur suka haɗu suka ɗora ta a motar rake, aka haye gada da ita, aka haƙa mata rami a gefen gonar Hajjaj. Barsim ɗin ya kai gwiwa kamar yadda ya gaya mata. Ya tsaya har aka gama rufewa, ya ce da Hajjaj, "Na ce zan kawo ta, ga ta na kawo." Daga nan ya fashe da kuka irin wanda ba a ga ya yi ba ko ranar da aka binne ubansa.

Mutane sun yi ta ba shi baki, ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yakan ce haka ne, amma bai taɓa ɗora wa tsohuwar ba, bai ɗora wa Girgis ba. "Ni na rataye bulala," yakan ce, "sai na ƙera mata wata da ba a gani, na miƙa wa duk wanda ya hau." Ya sayar da hantur ɗin. Fikri ya ce ya zo bakin teku ya zauna da su, ya ƙi. Dahi ya yi masa tayin ɗan doki, ya ce a bar maganar.

Yanzu in ka bi ta tasha da safe za ka gan shi a gidan shayin da ke fuskantar ɓauren. Baƙin shayi yake sha ba sukari, abin da a garinmu sai mai ciwo. Ba ya sharhin Turanci kuma, Dahi ma ya daina tambayarsa yadda ake cewa a hankali. In ka yi masa sallama bai amsa ba, kada ka ce wulaƙanci ne, dafa kafaɗarsa za ka yi. Bahiyya ba ta jefa audugar nan a murhu ba. Ya tsince ta a kan taga da suka dawo daga ƙauye, ya yage ta ya rage mata girma, kuma kullum da jiragen farko suka tsaya, Turawa suka fara saukowa suna kiran hantur, sai ya ciro ta daga aljihun da yake sa sukari ya toshe kunnuwansa.